Numfashin Farko: Sinadaran da ke Buɗe Jijiyoyin Huhun Jariri Lokacin Haihuwa

A duk inda mace ta sauka, ko a ɗakin haihuwa na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ne, ko a tsakar gida a garin Gitata da ke Jihar Nasarawa, abin da kowa ke kasa kunne ya ji shi ne kukan jariri. Kukan shaida ne cewa iska ta shiga huhu. Sai dai shigar iska rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ido ba ya gani, yana gudana ne a cikin dubban ƙananan jijiyoyin jini da suka ratsa huhun, waɗanda suka shafe watanni a tsuke, kuma tilas su saki cikin 'yan mintoci. In ba su saki ba, jaririn zai yi ta jan numfashi, amma jininsa ba zai ɗauki iskar da yake shaƙa ba.

Abin da ke tsuke waɗannan jijiyoyi, da abin da ke sakinsu, wasu sinadarai ne da jiki ke haɗawa da kansa, tare da iskar oksijin. An shafe fiye da shekara saba'in ana bin diddiginsu, akasari a jikin 'yan tayin tumaki, kuma daga wannan bincike aka samo magungunan da ake ceton jarirai da su a yau. Ga Nijeriya, batun ya wuce na ɗakin karatu. Binciken Alƙaluman Jama'a da Lafiya na Ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba sa kai wata guda, kuma kashi 39 cikin ɗari kacal na haihuwa ake yi a asibiti. Manyan dalilan mutuwar guda uku ne: haihuwar bakwaini, gazawar numfashi lokacin haihuwa, da kamuwa da ƙwayoyin cuta. Dukkansu uku suna taɓa jijiyoyin huhu.

Huhun da bai fara aiki ba

A jikin babba, ɓangaren dama na zuciya ne ke tura jinin da ya gama zagaya jiki zuwa huhu. Can ya sauke iskar kabon, ya ɗauki oksijin, ya dawo ɓangaren hagu, wanda ke watsa shi ko'ina. Likitan nan na Dimashƙa da ya yi aiki a Alƙahira, Ibnul Nafis, ya bayyana wannan ƙaramin zagaye tun ƙarni na 13 a sharhinsa kan littafin Ibnu Sina, kusan shekara ɗari huɗu kafin Baturen Ingila William Harvey ya wallafa bayaninsa na zagayen jini a 1628.

Ɗan tayi kuwa ba ya shaƙar iska. Huhunsa cike yake da wani ruwa da huhun ke tsattsafowa da kansa, kuma mabiyiya ce, wadda wasu ke kira uwar tafiya, ke yi masa aikin numfashi: ta karɓo oksijin daga jinin uwa, ta miƙa masa ta cibiya. Saboda haka tura jini mai yawa zuwa huhu asarar ƙarfi ce. Akwai hanyoyi biyu na kauce wa huhun. Ta farko wata kafa ce mai siffar ƙwai a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na sama, wadda jini ke bi daga dama ya tsallaka hagu kai tsaye. Ta biyu gajeriyar jijiya ce mai kauri da ta haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki. A nan za a kira ta jijiyar ratse. Likitan Girka Galen ya siffanta su duka biyu tun ƙarni na biyu.

Duk manomin rani ya san cewa ruwa yana bin hanyar da ta fi masa sauƙi. Buɗe masa sabuwar hanya bai isa ba, sai an toshe tsohuwar. Haka lamarin yake a nan. Ratsen ba zai yi amfani ba in huhu a buɗe yake, shi ya sa ƙananan jijiyoyin huhun ɗan tayi suke a tsuke, da tsoka mai kauri a bangonsu. Sakamakon haka, cikin jinin da zuciyar ɗan tayin mutum ke bugowa, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne, ko ƙasa da haka, ke ratsa huhu. A ɗan tayin tunkiya ma bai kai kashi goma cikin ɗari ba.

Masu riƙe da ƙofa

Babban mai tsaron wannan ƙofa shi ne ƙarancin oksijin, kuma a nan jijiyoyin huhu suna da wata ɗabi'a da ta saɓa wa ta sauran jiki. In oksijin ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwa ko a tsokar ƙafa, jijiyoyin wurin buɗewa suke yi don jini ya ƙaru. Na huhu kuwa tsukewa suke yi. Masana biyu 'yan Suwidin, Ulf von Euler da Göran Liljestrand, suka tabbatar da haka a 1946 a gwajin da suka yi da kyanwoyi. Ga babban mutum wannan ɗabi'a kariya ce: in wani sashe na huhu ya toshe da majina ko ciwon nimoniya, sai jini ya karkata zuwa sashen da iska ke shiga. Ga ɗan tayi kuwa babu sashen da iska ke shiga. Jininsa yana ɗauke da kimanin kashi 60 cikin ɗari na oksijin ɗin da zai iya ɗauka, alhali na lafiyayyen babba ya haura kashi 95, don haka huhun gaba ɗaya a tsuke yake.

Ga yadda abin ke faruwa a cikin ƙwayar tsoka. A jikin kowace ƙwaya akwai ƙananan ƙofofi da sinadarin fotasiyam ke fita ta cikinsu. In oksijin ya ragu sai su rufe, rufewarsu ta buɗe ƙofofin kalsiyam, kalsiyam ya kwararo ciki, tsoka ta ɗaure. Wannan ji da oksijin yana ƙara kaifi a watanni ukun ƙarshe na ciki, wato jijiyoyin suna koyon amsa kiran da za a yi musu ranar haihuwa.

Na biyu shi ne endotelin, wanda siririyar shimfiɗar cikin jijiya ke fitarwa. Masashi Yanagisawa da abokan aikinsa a Jami'ar Tsukuba ta Japan suka gano shi a 1988, kuma yana cikin mafi ƙarfin abubuwan da aka sani masu tsuke jijiya. Ƙirarsa ma ta yi kama da ta dafin wani maciji mai zama a ƙarƙashin ƙasa. Endotelin fuska biyu gare shi. In ya sauka a kan tsoka sai ta tsuke na tsawon lokaci, kuma in abin ya daɗe ta ƙara kauri. In kuma ya sauka a kan wata maƙama dabam da ke jikin shimfiɗar, sai ya sa a saki sinadaran buɗewa. Wace fuska ce za ta rinjaya, ya danganta da lokaci da halin da huhun ke ciki. Akwai kuma ƙananan mataimaka, irin su turomboksen da lukotirayin, waɗanda yawansu ke hauhawa idan ƙwayoyin cuta sun shiga jini. Ruwan da ya cika huhun shi ma yana danne ƙananan jijiyoyi daga waje.

Mintocin farko

Shiri yana farawa tun kafin kai ya fito. Wahalar naƙuda na sa jikin ɗan tayi ya saki adiranalin da kotisol, su kuma su umarci huhu ya daina tsattsafo da ruwa, ya koma tsotse shi. Shi ya sa jaririn da aka ciro ta tiyata kafin naƙuda ta fara ya fi fuskantar matsalar numfashi, kuma shi ya sa likitoci ba sa son a tsara irin wannan tiyata kafin mako na 39, sai in da dalili na lafiya.

Sai numfashin farko. A 1953, Geoffrey Dawes da abokan aikinsa a Oxford suka hura iska a huhun 'yan tayin tumaki, suka ga jinin da ke ratsa huhun ya ninka nan take. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, nasu da na Abraham Rudolph a San Faransisko, sun rarrabe abin gida biyu. Ko da iskar da aka hura ba ta ƙara oksijin ba, kumburar huhun kaɗai tana buɗe jijiyoyi zuwa wani mataki. In aka ƙara oksijin, sai buɗewar ta cika. A taƙaice, cikin mintoci jinin da ke shiga huhu yana ninkawa sau takwas zuwa goma. 

Manzon da ke kai umarnin buɗewa ya daɗe yana ɓuya. A 1980, Robert Furchgott da John Zawadzki a New York suka lura cewa jijiyar da aka kankare wa shimfiɗar ciki ba ta saki ko an zuba mata maganin da ya kamata ya sake ta. Ashe shimfiɗar ce ke aika wa tsoka wani saƙo. A 1987 rukuni biyu, na Louis Ignarro a Amurka da na Salvador Moncada a Ingila, suka nuna cewa saƙon wata iska ce mai sauƙin ƙira, naitirik oksaid, wadda kafin nan aka fi sani a matsayin gurɓataccen hayaƙin mota. Furchgott da Ignarro da Ferid Murad suka karɓi kyautar Nobel ta 1998 a kan wannan. Moncada bai samu shiga ba, abin da masana da dama ke ganin rashin adalci ne har yau.

Shimfiɗar jijiya tana haɗa naitirik oksaid daga wani tubalin furotin mai suna ajinin. Abu biyu ke zaburar da ita: hauhawar oksijin, da gogar da jini mai gudu ke yi wa bangon jijiya. Wannan na biyun shi ya sa buɗewa ke haifar da ƙarin buɗewa, domin jini ya ƙaru, guga ta ƙaru, iskar ta ƙaru. Da naitirik oksaid ya ratsa cikin tsoka sai ya sa a ƙera wani ɗan aike na cikin gida da masana ke taƙaita sunansa da cGMP, shi kuma ya rage kalsiyam, tsoka ta saki. Akwai kuma mai share wannan ɗan aike, wani inzayim da ake kira PDE5, wanda yake da yawa a huhun ɗan tayi. A 1990, Steven Abman da abokan aikinsa a Kolorado suka toshe haɗa naitirik oksaid a jikin 'yan tayin tumaki, sai hauhawar jinin huhu lokacin haihuwa ta ragu matuƙa.

Abokin tafiyarsa shi ne furostasaikilin, wanda John Vane da Moncada da abokan aikinsu suka gano a 1976. Kumburar huhu da motsin numfashi ne suka fi zaburar da shi, kuma yana bin tasa hanyar dabam, ta wani ɗan aike mai suna cAMP, amma inda ya dosa ɗaya ne: rage kalsiyam. Samun hanyoyi biyu masu zaman kansu shi ya ba likitoci damar haɗa magunguna idan ɗaya ta gaza.

A daidai wannan lokaci sauran tsarin yana juyawa. Jinin da ke dawowa daga huhu ya cika ɗakin hagu na zuciya, ya danne marfin kafar nan mai siffar ƙwai, ta rufe. Ɗaure cibiya ya cire mabiyiya daga zagayen, matsin jinin jiki ya hau sama da na huhu. Zuwa cikar kwana guda matsin jijiyar huhu ya sauka zuwa kusan rabin na jiki, sannan ya ci gaba da sauka a hankali cikin makonni biyu zuwa shida, yayin da tsokar bangon jijiyoyin ke sirancewa. Kenan ranar suna ma aikin bai kammala ba.

Jijiyar da ke yin akasi

Jijiyar ratse tana karanta sinadaran nan a baibai. Oksijin ɗin da ke buɗe jijiyoyin huhu, ita tsuke ta yake yi. Abin da ke riƙe ta a buɗe lokacin ciki kuwa shi ne furostagilandin, wanda mabiyiya ke samarwa da yawa, huhu kuma ke lalatawa. Da zarar an yanke cibiya, masana'antar ta tafi; da zarar jini ya cika huhu, mai lalatawar ya kama aiki. Galibin jariran da suka cika wata tara, jijiyar ratsensu takan tsuke cikin kwana ɗaya zuwa uku, ta toshe ɗungurungum cikin makonni biyu zuwa uku.

A nan ne ilimin ya shigo kemis ɗin bakin kasuwa. Magungunan kashe raɗaɗi irin su aibufurofen da daikilofenak da indometasin aikinsu shi ne hana jiki haɗa furostagilandin. Tun 1976 likitoci ke amfani da wannan da gangan, su ba bakwaini indometasin don rufe ratsen da ya ƙi rufuwa. Amma in mai tsohon ciki ce ta sha su don ciwon baya ko ciwon ƙugu, maganin kan ƙetare mabiyiya ya tsuke ratsen ɗan tayi tun lokaci bai yi ba. Jinin da ya rasa hanya sai ya afka wa jijiyoyin huhu da ƙarfi, su kuma su kare kansu da ƙara kaurin tsoka, ta yadda ranar haihuwa ba za su iya saki ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe da gargaɗin a guje su daga mako na 30 na ciki, a watan Oktoban 2020 kuma ta faɗaɗa gargaɗin zuwa mako na 20, saboda suna rage ruwan faya. Haɗarin ya fi girma inda ake sayar da ƙwayoyi a warware, an haɗa uku ko huɗu a leda ba suna, domin mai sha ba ta san abin da ta haɗiya ba.

Idan ƙofar ta ƙi buɗewa

Cutar da ke biyo bayan gazawar wannan sauyi ana kiranta hawan jinin huhu na jarirai. Welton Gersony da abokan aikinsa suka siffanta ta a 1969 da cewa zagayen jinin ɗan tayi ne ya ƙi barin jariri, kuma siffar ta dace. Jijiyoyin huhu sun zauna a tsuke, jini ya ci gaba da bin kafar zuciya da jijiyar ratse, amma yanzu babu mabiyiyar da za ta ba shi oksijin. Wani bincike da aka wallafa a 2000 daga manyan asibitocin Amurka ya ƙiyasta ta da 1.9 cikin kowace haihuwa 1,000. Da za a ɗora wannan ma'auni a kan Nijeriya, inda ake haifar jarirai fiye da miliyan bakwai a shekara, lissafin zai haura jarirai 13,000, kuma abubuwan da ke jawo ta sun fi yawa a nan.

Mafi shahara cikinsu shi ne shaƙar kashin farko. Ɗan tayin da ya galabaita saboda doguwar naƙuda, ko cikin da ya wuce lokaci, yakan saki kashinsa mai kore-kore cikin ruwan faya, ya kuma shaƙe shi. Sai kuma ƙwayoyin cuta a jini ko a huhu, ƙarancin sinadarin safaktan da ke hana huhun bakwaini manne wa juna, da ɓulewar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, inda hanji ke hawowa ya hana huhu girma. Ciwon sukari da ƙiba a jikin uwa suna ƙara haɗarin.

Abin da ya sa cutar ke da wuyar sha'ani shi ne tana ciyar da kanta. Ƙarancin oksijin ya tsuke jijiyoyi, tsukewar ta ƙara rage oksijin, jiki ya fara tara asid, asid ɗin ya ƙara tsuke su. Rudolph ya nuna a 1966, a gwajin da ya yi da 'yan maruƙa, cewa in ƙarancin oksijin da tsamin jini suka haɗu, tsukewar ta ninka ta kowannensu shi kaɗai. Sanyi da faɗuwar sukarin jini duk cikin wannan rami suke tura jariri.

Alamomin sukan bayyana cikin yinin farko: numfashi sama da 60 a minti, nishi a ƙarshen kowane numfashi, faɗawar ƙirji, kasa kama nono, da sauyin launi. A jikin baƙar fata ba a fatar ake duba launin ba, a leɓe ne da harshe da dasashi, waɗanda kan koma shuɗi-shuɗi ko toka-toka. Ido kuma yana yaudara, shi ya sa ƙaramin ma'aunin oksijin da ake maƙalawa a hannu ko ƙafa yake da daraja. Akwai dabarar da ke cikinsa: jinin da ke zuwa hannun dama yana rabuwa da babbar jijiya kafin mahaɗar ratse, na ƙafa kuwa bayanta. In ma'aunin ƙafa ya gaza na hannun dama da fiye da kashi biyar zuwa goma, alama ce jini yana bin ratsen. Tabbatarwa kuwa sai da hoton zuciya, domin wasu nakasun zuciya suna zuwa da irin wannan kama, kuma maganinsu akasin wannan ne: a can ana ɗura furostagilandin ne don a hana ratsen rufuwa.

Magani

Oksijin shi ne maganin farko, amma da awo. Wanda ya wuce kima yana haifar da wasu sinadarai masu cinye naitirik oksaid, yana ƙarfafa PDE5, yana kuma iya makantar da bakwaini. Tun 2010 ƙa'idojin duniya suka koma fara farfaɗo da jaririn da ya cika wata tara da iskar ɗaki, mai oksijin kashi 21 cikin ɗari, ana ƙarawa in ma'auni ya nuna buƙata. Lafiyayyen jariri ma ba ya kai kashi 85 zuwa 95 sai bayan kusan minti goma.

A 1992 rukuni biyu a Amurka, ɗaya a Boston ɗaya a Denver, suka ba da rahoton cewa shaƙa wa jarirai naitirik oksaid kaɗan ta injin numfashi yana ɗaga oksijin ɗinsu. Kyawunsa shi ne da ya gama aiki a huhu ya shiga jini, himogulobin ke cafke shi cikin daƙiƙoƙi, don haka ba ya faɗar da matsin jinin sauran jiki. An amince da shi a Amurka a watan Disamban 1999, ana farawa da kashi 20 cikin miliyan. Wanda bai amsa ba, akwai injin da ke fitar da jini waje ya ba shi oksijin ya mayar, wanda Robert Bartlett ya fara ceton jaririya da shi a 1975. Duka biyun suna buƙatar kuɗi masu yawa, da ƙwararru, da wutar da ba ta ɗaukewa.

Wannan ya sa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka juya ga silidenafil, maganin da kamfanin Pfizer ya fitar a 1998 da sunan Viagra, wanda jama'a suka sani da wani aiki dabam. Aikinsa na asali toshe PDE5 ne, don cGMP ya daɗe. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a Kolombiya aka wallafa a 2006, jarirai shida cikin bakwai da aka ba shi suka rayu, a ɗaya rukunin kuwa ɗaya cikin shida. Adadin ya yi kaɗan a gina hukunci a kansa, amma ya buɗe hanya, kuma yau likitocin jarirai a Afirka da Asiya suna amfani da shi. Akwai kuma milrinon, mai tsawaita ran cAMP, da bosentan, mai toshe endotelin. Babu ɗaya cikinsu da ya kamata ya shiga bakin jariri a wajen asibiti. Darasin Holan ya isa gargaɗi: a 2018 aka dakatar da wani gwaji da ake ba masu ciki silidenafil don 'yan tayin da ba sa girma, bayan jarirai 11 sun mutu da matsalar huhu. Sinadarin da ke ceto bayan haihuwa yana iya ɓata shirin huhu in ya zo kafinta.

Abin da ke hannun Gitata

Mai haihuwa a Gitata, babban asibitin da za ta dosa in abu ya rikice shi ne na Keffi, daga can kuma Abuja. Amma yawancin abin da ke yanke hukunci kan jijiyoyin huhu yana faruwa ne kafin a tayar da mota, kuma ba ya buƙatar injin miliyoyi.

Minti na farko shi ne mafi tsada. Shirin horar da ungozoma kan taimaka wa jarirai su yi numfashi, wanda aka ƙaddamar a 2010 kuma ake koyarwa a Nijeriya, ya ginu ne a kan haka: a tsane jariri, a goga bayansa, in bai yi numfashi ba a fara hura masa iska da jaka da marfin fuska kafin minti ɗaya ya cika. Abin da jakar ke yi shi ne abin da Dawes ya yi wa 'yan tayin tumaki, wato kumbura huhu don furostasaikilin da naitirik oksaid su motsa. Riƙe jariri ta ƙafa a juye, ko yayyafa masa ruwan sanyi, ɓata wannan minti ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ba da shawarar a jinkirta ɗaure cibiya minti ɗaya zuwa uku ga jaririn da ke numfashi, domin jinin da ya rage a mabiyiya ya cike faɗin da ya buɗe a huhu.

Sai ɗumi. Al'adar gaggauta yi wa jariri wanka da zarar an yanke cibiya tana da niyya mai kyau, amma jiƙaƙƙen jariri yana asarar zafi da sauri, musamman da asubar hunturu, kuma sanyi yana ƙone oksijin da sukari, ya tara asid. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jinkirta wankan zuwa awa 24, in al'ada ta matsa a jira aƙalla awa shida, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe su tare, a ba shi nono cikin awa ta farko.

Ga wadda naƙuda ta zo wa kafin lokaci, akwai allurar deksametason mai gaggauta nunar huhu. Gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitoci 29 a Nijeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladesh, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari. Sharaɗinta shi ne a san watannin cikin daidai, a kuma yi ta a asibitin da zai iya kula da bakwaini, wanda hakan ke mayar da magana kan zuwa awo da wuri. A ɓangaren kayan aiki, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da tsarin faɗaɗa samar da oksijin a asibitoci a 2017, kuma a 2023 Farfesa Hippolite Amadi ya lashe Kyautar Kimiyya ta Nijeriya saboda na'urorin taimakon numfashin jarirai masu rahusa da ya ƙera, ciki har da masu aiki da hasken rana.

In faya ta fashe ruwan ya fito kore, ko naƙuda ta wuce awa 12, a kama hanyar asibiti tun jaririn yana ciki, domin mahaifa ta fi kowace mota dacewa da ɗaukarsa. In kuma an riga an haihu aka ga nishi ko sauyin launin harshe, kada a jira gari ya waye, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. A ɗaure shi a ƙirjin uwa ko na wani babba, da hula a kansa, a rufe tagogin mota, a sanar da asibitin ta waya in da hali don a tanadi oksijin, sannan a tafi da katin awo da ledar duk maganin da uwar ta sha a watannin ƙarshe.